Motar Malami da Haƙƙin da Ke Kanta

Duk wanda ya daɗe a aikin koyarwa ya ga yadda gindin bishiyar makaranta ya sauya. A da kekuna ne ke jingine a jikin darbejiya, daga baya babura suka karɓe wurin, yanzu kuwa a makarantu da dama akan tarar da mota biyu ko uku a inuwa, Golf ko Corolla ko tsohuwar Peugeot 406. Da wuya a samu wadda aka saya sabuwa fil. Yawancinsu 'yan Kwatano ne ko na hannu, waɗanda suka ga jiya suka ga yau, kuma da bashin ƙungiyar gama-kai aka sayi da yawa daga cikinsu, ana yankar kuɗin a albashi wata-wata. Wannan ci gaba ne, muna kuma murna da shi. Malamin da ke kai iyalinsa asibiti cikin dare ba tare da ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci ba ya samu wani mutunci da ya daɗe yana nema.

Sai dai ra'ayinmu shi ne, wanda ya sayi mota ya ɗauki nauyi biyu, na biyan bashi da na kula da ita, kuma na biyun ya fi girma. Bashi kuɗi ne, in an makara a yi haƙuri da juna. Mota kuwa rayuka take ɗauka: na mai ita, na matarsa da 'ya'yansa, na abokan aikin da ake karo-karon kuɗin mai da su, da na yaran da ke tsallaka titi a ƙofar makaranta. Ƙungiyar da ta taimaka aka sayi motocin nan ita ma tana da nata kason a cikin wannan nauyi.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa kowace shekara a haɗurran hanya, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Mu malaman firamare ya kamata adadin nan ya fi tsaya wa a rai, domin ƙasan wannan rukuni su ne ke zaune a gabanmu kowace safiya muna kiran sunayensu a rajista.

Mun san abin da za a fara ce mana: albashi ba ya kaiwa. Gaskiya ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mai ya cinye abin da a da ake ajiyewa don gyara, kuma mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 bai kai ga kowane malamin ƙaramar hukuma a lokaci ɗaya ba. Wanda ke lissafin kwanon masara ba ya son a yi masa zancen sabuwar taya. Amma idan muka duba da kyau, mafi yawan abin da ke tsare rai a mota ko dai kyauta ne, ko kuma ya fi abin da muke kashewa a kan adonta araha. Mota nawa muka gani an sake mata fenti da rigar kujeru da sabuwar rediyo, alhali tayoyinta sun suɗe kamar tafin hannu? Abin da ke gabanmu shi ne tsara abin da za a fara kashe wa kuɗi, kuma taya da birki su ne a sahun farko.

Mu fara da taya, tun da ita kaɗai ce ke taɓa ƙasa. Kowace taya tana ɗauke da ranar haihuwarta a gefenta: lambobi huɗu a jere, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Idan an ga 2319, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana gargaɗin cewa tayar da ta wuce shekara huɗu daga ranar da aka yi ta ta ci zamaninta. Dalili kuwa shi ne roba tana bushewa tana tsattsagewa ko da ba a hau ta ba, zafin kwaltarmu kuma yana gaggauta hakan. Tayar gwanjo da ake kawowa daga ƙasashen waje tana iya zama da zane mai kyau a ido, amma shekarunta sun ja, kuma ba wanda ya san irin ramukan da ta faɗa ko facin da aka ɓoye a cikinta. Wanda ya saye ta don araha, ya sayi abin da wani ya riga ya yar. Idan zurfin zanen taya ya gaza milimita 1.6, ba ta iya kore ruwa a damina, sai mota ta riƙa sulɓi a kan ruwan kamar kwalekwale, sitiyari da birki duk su daina jin magana.

Iskar taya ma tana da ƙa'ida, kuma ƙa'idar tana rubuce a wata 'yar takarda da ke manne a jikin ƙofar direba ko cikin littafin mota. Lambar da ke jikin taya ita ce iyakar abin da za ta iya ɗauka, ba ita ake bi wajen busawa ba. Sau da yawa mai faci yakan bubbuga taya da ƙarfe ya ce ta yi, ko ya cika ta tam don a ga ya yi aiki. Iskar da ta yi yawa tana rage riƙon ƙasa, wadda ta yi kaɗan kuma tana sa taya ta yi zafi har ta fashe a tsakiyar tafiya, ga shan mai. A auna da geji, da safe kafin taya ta ɗau zafi, aƙalla sau ɗaya a wata da kuma kafin kowace doguwar tafiya. Kada a manta da safaya. Safayar da ba iska kaya ce kawai a but.

Birki yakan yi magana kafin ya ƙi aiki. Idan ya fara ƙara kamar ana goga ƙarfe da ƙarfe, ko ƙafa ta riƙa nutsewa fiye da yadda aka saba, ko mota ta riƙa karkata gefe ɗaya in an taka, to lokacin zuwa gareji ya yi, a ranar, tun kafin albashi ya shigo. Man birki yana tsotsar laima daga iska a hankali, idan ya tsufa sai ya tafasa lokacin da aka matsa masa a gangare, birkin ya zama fanko. Shi ya sa masu ƙera motoci da yawa suke cewa a sauya shi duk shekara biyu. Idan kuma an ga yana raguwa a kwalbarsa, ƙari ba magani ba ne: ko dai takalman birki sun cinye, ko akwai inda yake yoyo.

A nan ne za mu ambaci wata ɗabi'a da tsadar mai ta yaɗa, wato sakin mota a firi a gangare, wani ma har ya kashe inji don ya tsimi ɗan fetur. A yawancin ƙananan motoci, ƙarfin da ke taimakon ƙafa wajen taka birki daga inji yake zuwa, haka ma laushin sitiyari. Da zarar an kashe inji, taki ɗaya ko biyu ne birkin zai yi tauri kamar dutse. Abin da aka tsimi a wannan gangaren bai kai kuɗin kofin shayi ba.

Baƙin mai shi ne jinin inji. A duba shi da sandar awo, mota na tsaye a wuri mai daidai, inji a kashe ya huce. A ƙasa mai ƙura da zafi irin tamu, juye a kan kari ya fi muhimmanci fiye da a ƙasashen da aka ƙera motocin, kuma duk juye a haɗa da sauya matatar mai. A guji man da ake aunawa a kwalba a bakin titi ba a san asalinsa ba. Idan jar fitilar mai ta kama ana cikin tafiya, a tsaya nan take a kashe inji, domin tafiyar mintoci kaɗan a haka tana iya kashe injin da kuɗinsa ya fi albashin watanni. Haka ma allurar zafi: idan ta haura, a tsaya. Kada a kuskura a buɗe murfin lagireto inji na da zafi, ruwan ciki a matse yake, zai yi tsalle ya ƙone fuska da hannu. Ruwan rijiya zalla yana sa tsatsa a cikin lagireto, ruwan sanyaya inji na musamman ya fi. Motar da ke da bel ɗin tayimin kuwa, a tambayi bakanike yaushe aka sauya shi, don in ya tsinke ana gudu, a injuna da yawa ɓarnar takan kai ga buɗe inji gaba ɗaya.

Fitilu, sigina, waifa da madubai ƙananan abubuwa ne masu arha, amma motar da ke tafiya da ido ɗaya cikin dare, mai zuwa daga gaba babur yake zaton ta. A lokacin hunturu, idan hazo ya sauka, a kunna ƙaramar fitila a rage gudu, babbar fitila haskenta dawowa yake yi ido. Kuma kowace mota ta kasance da jak, sifanar taya, abin kashe gobara da alamar gargaɗi mai kusurwa uku. Ganyen da muke karyowa mu zuba a titi ba ya haske da dare, kuma sau da yawa mukan tafi mu bar shi tare da duwatsun da muka tare taya da su, su zama tarko ga na baya.

Duk wannan gyara ne na ƙarfe. Akwai kuma gyaran hali, wanda ba ya cin ko kwabo. Mu da muke koyar da lissafi, bari mu yi wa kanmu na aji shida. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Direban da ya sunkuya ya duba saƙo a waya na daƙiƙa huɗu ya yi tafiyar da ta fi tsawon filin ƙwallo bai ga hanya ba. Idan aka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya yakan ninku sau huɗu. Tafiyar kilomita 60 a gudun 80 minti 45 ce, a gudun 120 kuma minti 30. Ribar kwata ɗaya ta awa ke nan, amma ƙarfin karo ya ninku fiye da sau biyu, ga ƙarin shan mai. Dokar hanya ta ƙasar nan ta ƙayyade wa ƙananan motoci na gida kilomita 50 a cikin gari, 80 a manyan hanyoyi, 100 a tagwayen hanyoyi, kuma wannan iyaka ce ta hanya mai kyau da rana tsaka. A kusa da makaranta da kasuwa, inda mutane da motoci ke cakuɗuwa, masana kiyaye haɗurra na duniya 30 suke ba da shawara. Hausawa sun riga sun ce sauri ya haifi nawa.

Ɗaura bel doka ce da aka fara tilastawa a Nijeriya tun 2003, amma har yau da yawanmu sai mun hango jami'ai muke jawo shi, mu sake shi da mun wuce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bel yana rage haɗarin mutuwar na cikin mota da kusan rabi. Karo a gudun kilomita 50 kacal daidai yake da faɗowa daga bene mai tsayin mita goma. A irin wannan karo babu uwar da hannunta zai iya riƙe jariri, komai sonta gare shi, kuma idan tana kujerar gaba, yaron ne zai shiga tsakaninta da gilashi. Yara 'yan ƙasa da shekara 12 wurinsu baya ne, a ɗaure. Na baya ma su ɗaura, domin babban mutumin da bai ɗaura ba, in an yi karo, kan na gaba yake faɗawa da dukkan nauyinsa.

Mun san kunyar da ke hana malami ya wuce ɗalibansa ko abokan aikinsa a hanya. Alheri ne a rage musu hanya. Amma mota mai kujera biyar mutum biyar take ɗauka, kuma duk wanda aka ƙara, an ƙara nisan tsayawar birki, an ƙara wa taya zafi, an kuma samu wanda ba shi da bel. Idan wani abu ya faru da 'ya'yan mutane bakwai a kujerar baya, kyakkyawar niyya ba za ta ishe mu amsa a gaban iyayensu ba. Gara a yi sawu biyu, ko a ba da haƙuri. Haka nan miƙa makulli ga ɗan da bai kai shekara 18 ba, ko wanda ba shi da lasisi, don kawai ya iya juya mota a ƙofar gida. Ranakun biki da na Sallah sun sha nuna mana ƙarshen wannan. Kuma a watannin bazara, lokacin da zafi ke haura maki 40, kada a bar yaro a cikin mota a rufe ko da na ɗan shiga kanti ne, a kuma kulle motar da ke ajiye a gida don kada yara su shiga wasa ƙofa ta rufe da su. Jarkar fetur a but, wadda wahalar mai ta koya mana, ita ma wuta ce muke yawo da ita a bayan 'ya'yanmu.

Wani zai ce laifin na hanya ne, kuma yana da hujja. Ramuka, gadoji marasa shinge, tireloli da ke lalacewa a tsakiyar titi babu alama, duk haƙƙi ne a wuyan hukuma, kuma ƙungiya irin tamu tana da bakin da za ta faɗa, ya kamata ta ci gaba da faɗa. Sai dai lalacewar hanya dalili ne na ƙara kula. Ramin da tsohuwar taya za ta fashe a cikinsa, mai lafiya za ta iya wuce shi, wanda ke gudun 70 kuma zai iya kauce wa abin da mai gudun 120 ba zai ma gani ba.

Wani kuma zai ce kwana in ya ƙare ya ƙare. Babu mai musun ƙaddara a cikinmu. Amma ba mu taɓa jin malamin da ya ƙi shirya darasi ya ce sakamakon jarrabawa rubutacce ne ba, ko manomin da ya ƙi noma ya zauna jiran rabo. Addinanmu duka sun hore mu da riƙon sababi da kiyaye ran da aka ba mu amana. Addu'ar tafiya tana da matsayinta, duba birki ma yana da nasa, kuma ba su taɓa yin karo da juna ba.

Saboda haka muna kira ga shugabannin reshe da na gama-kai da su ɗauki wannan a matsayin aikin ƙungiya. Duk bashin mota da za a bayar, a ware wani kaso daga cikinsa don taya, birki, takardu da inshora, kada a ba da kuɗin da zai ƙare ƙaf a hannun dillali, mota ta iso gida babu na gyara. Kafin a biya, amintaccen bakanike ya duba motar. A buɗe wani ƙaramin rance na gaggawa, mai sauƙin biya, wanda ba a bayar da shi sai don taya da birki, domin malamin da birkinsa ya fara ƙara ranar goma ga wata kada ya jira ranar talatin. Idan mambobi suka haɗa kuɗi suka sayi tayoyi a dunƙule daga dila mai rajista, farashi zai sauko, a kuma tsira daga jabu.

Batun inshora ma yana buƙatar wayar da kai. Tun daga Janairun 2023 inshorar da doka ta wajabta wa ƙaramar mota ta gida ta koma Naira 15,000 a shekara, tana kuma biyan ɓarnar dukiyar wani har zuwa Naira miliyan uku. Takardar da ake saya a bakin ofishin lasisi a hannun ɗan kamasho don a nuna wa jami'ai kawai, sau da yawa ba ta da kamfani a bayanta. Ranar da malami ya bugi motar da ta fi albashinsa na shekaru, ranar zai san bambancin.

Muna kuma ba da shawarar reshe ya riƙa gayyatar jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra sau ɗaya a zango, su yi mana bita, a duba motoci da baburan mambobi a filin makaranta, a gayyato iyalai, musamman matan da suka fara tuƙi da samarin da ke ɗokin farawa. Hukumar, wadda aka kafa a 1988, tana da tsarin kulob na kiyaye haɗurra a makarantu, kuma lambarta ta gaggawa 122 ce, ya kamata kowane ɗalibi ya haddace ta kamar yadda ya haddace jadawalin sau. Tarukan ƙungiya a riƙa tashi da wuri don na nesa su isa gida da sauran rana. Idan za a kira malamai tantancewa ko bita a hedikwata, shugabanninmu su nemi a ba da sanarwa da isasshen lokaci, a kuma rarraba ranaku, domin kiran gaggawa shi ke sa mutum shida su cusu a mota ɗaya da asuba suna tsere da agogo. Makarantun da ke bakin manyan tituna kuwa, a rubuta wa ƙaramar hukuma a nemi alamar tsallakawa da tudun rage gudu, a kuma ci gaba da bibiya har a samu.

A ƙarshe, mu tuna cewa yara ba abin da muke faɗa kaɗai suke ɗauka ba. Ɗalibin da ya ga malaminsa ya ɗaura bel kafin ya tayar da mota, ya ga ya tsaya ya bar tsohuwa ta tsallaka, ya ga ya faka gefe kafin ya amsa waya, ya koyi darasin da babu shi a manhaja, kuma nan da shekara goma sha biyar shi ne zai riƙe sitiyarin motar da jikokinmu za su shiga. Kafin tafiyar hutun nan mai zuwa, kowannenmu ya zagaya motarsa, ya karanta shekarun tayoyinsa, ya gwada birki da fitilu, ya ƙirga kujeru kafin ya ƙirga fasinja.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu ga iyalanmu da azuzuwanmu lafiya.